Yadda Gwamnati Ta Sa Na Faɗi Sunan Mijina

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, malamar firamare ce, na kuma gargaɗe ta cewa abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta shafa masa hoda. Labarin a nan ya faru, cikin ganuwa, a Ƙofar Kuyambana, a ɗakin da nake zaune yanzu. Ku riƙe ɗakin nan a ranku, don a kansa aka yi komai.

Maigidana soja ne. Ya yi shekarunsa, ya kai saje, aka sallame shi. Ranar sallamar aka ce masa sunansa na nan cikin 'yan ko-ta-kwana, wato in abu ya ɓaci za a sake kiransu. Wani in ya ji haka sai ya ce to, ya dawo gida ya miƙe ƙafa. Ban da nawa. Nawa ya riƙe maganar kamar wasiyyar uwa. Shekara ashirin da ɗoriya, kowace Juma'a sai ya fito da baƙaƙen takalman nan ya goge su, har kaza ta ga fuskarta a ciki ta kai sara. Sannan ya zauna a zaure, rediyo a kunne. In aka ce rikici ya tashi a wata ƙasa da ko sunanta ba mu iya faɗa ba, sai ya leƙo cikin gida ya ce, "A shirya mini jaka." In shirya. Da la'asar in kwance. Gwiwa ta tafi, haƙora suka bi ta, ido ɗaya ya yi yana, yana nan yana jira. Gwamnati dai ba ta kira ba. Kiran da ya zo a ƙarshe, ba a zuwa masa da takalmi. Allah ya jiƙansa.

Shekara arba'in da tara muka yi tare, ban taɓa faɗin sunansa ba. Haka muka tarar a gidajenmu: mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama na ɗan fari. In ina son magana da shi, gyaran murya nake yi ya juyo. In ina maganarsa da mata, "shi" ya wadatar, kowa ta san wane ne shi. Mahaucin unguwarmu sunansu ɗaya, don haka har ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa wuƙa "mai nama" nake ce masa. Shi ma maigidan bai taɓa kama nawa ba, tunda ni ce ta fari, ni ce ta ƙarshe. "Ke" yake cewa. In ransa ya yi fari ya ce, "Ke mana."

Na fita takaba damina na kankama. Ɗakina na ƙasa ne, rufin soro, azarar ta daɗe da gajiya. Da yana raye, shi ke hawa ya yaɓa ƙasa duk shekara, yana zagin kakannin gara. Da ba shi, ruwan farko ya shigo mini ta wuri uku. Na jera kwanoni, ɗaki ya koma kamar ana kiɗan ƙwarya.

Babban ɗana, wanda shi ma ba za ku ji sunansa a bakina ba, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kwanonin.

"Inna, ki haɗa kayanki. Ga ɗaki can a Tukur-Tukur, da fanka, da banɗaki a ciki."

Na san gidan. Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ni da ta cewa a kanta. Amma gida ne mai get, ana rufe shi kamar kurkuku. Ƙasan tayil ne, tsohuwa ta zame sau ɗaya an gama. Ba murhu, ba akuya, ba maƙwabciyar da za ta ɗago kai ta katanga ta ce an yi haihuwa gidan wane. A ɗakin nan na haifi takwas, don duk haihuwa daga bariki nake dawowa, na binne uku, a nan aka yi wa ubansu wanka. Na ce masa a gyara rufin. Ya ce ba zai zuba kuɗi a ginin da ke shirin kwanciya ba alhali ga ɗaki a banza. Ya ba ni zuwa ƙarshen damina.

'Yata ce ta buɗe adakar ubanta, ta tono takardu. Ta ce matar tsohon soja tana da haƙƙi bayan rasuwarsa, akwai abin da ake ba iyali, in an tantance su. In ya fito, zai isa kwanon rufi da kafinta, in ci tuwona ba sai na miƙa wa kowa hannu ba. Daga nan muka shiga yawo. Takardar mutuwa, takardar mai unguwa, takardar kotu. Aka ɗauke ni hoto sau uku, don a biyun farko wai na rufe ido. Na dangwala yatsa har babban yatsana ya zama shuɗi kamar na marina.

Ranar tantancewa muka tafi wani babban zaure a bayan gari. Mata ne cike, duk masu irin ciwona, kowa da ambulan a ƙarƙashin hijabi. A nan aka sanar da mu cewa ɗaya bayan ɗaya za a shiga, ba ɗan rakiya. Wai an sha kama matan haya, a ɗauko mace a kasuwa a koya mata kuka ta zo ta karɓi na wata. Saboda haka kowa da bakinta za ta amsa.

Na shiga. Mutum uku a bayan tebur, maza biyu da wata yarinya cikin kaki, da wando. Ita ce mai Hausa, Hausarta kuwa tas, da ji ka san goyon kaka ce.

"Sannu Mama. Ya haƙuri? Sunanki?"

Na faɗa.

"Sunan mijinki?"

"Saje," na ce.

"Mama, rabin matan da ke waje matan saje ne. Sunansa na yanka."

Na dubi takardar da ke gabanta. "Ba ga shi nan a rubuce ba?"

"Yana nan. Daga bakinki ake so."

Na gyara zama. Na ce mata yana da tabo a cinyar hagu, ya ce harsashi ne, uwarsa ta ce mini ƙahon sa ne. Na ce ba ya cin miyar kuɓewa. Na ce in ya yi minshari awaki kan tashi tsaye. Na faɗa mata garuruwan da muka zauna a bariki, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka sace mana turmi. Ɗaya daga cikin mazan ya tambaye ta abin da nake cewa, ta juya masa da Turanci, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Mama," ta ce, ta rage murya, "na sani. Kakata ma har ta rasu ba ta faɗa ba. Amma ba ni da gurbin kuɓewa a takardar nan. Kalma biyu ce, nasa da na mahaifinsa."

Har da na suruki. Na ji kamar an ce in tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Na buɗe baki, iska ta fito, suna bai fito ba.

Ta rufe fayil ɗin a hankali. "Muna nan har Alhamis. In mun tashi, sai wata shekarar, in Allah ya kai mu."

A cikin Keke Napep 'yata tana rungume da takardun har muka shigo ganuwa. Sannan ta fashe.

"Inna, wata huɗu ina yawo da takardun nan. Mutumin nan ya rasu. Ba zai ji ba."

"Ke kika sani."

"To ki zaɓa, ko suna ko Tukur-Tukur."

Washegari na aika aka tambayo mini limamin unguwa. Ya aiko da cewa ba haramun ba ne, ba makaruhi ba ne, al'ada ce kawai, in je in faɗa. Na ce Malam ya yi gaskiya, amma shi ba a taɓa ce masa ya faɗi sunan mijinsa ba.

Sai ga ƙawata, matar marigayi kofur, daga Ƙofar Galadima, mai ƙuli-ƙuli. Tare muka yi zaman bariki. Ita ta wuce tantancewar tun ranar farko.

"Ke, ya kika yi?" na ce.

"Na faɗa mana. Sau biyu ma, don na farko ba su ji ba. Da sun nemi na kakansa da na ƙara musu."

"Ba ki ji komai ba?"

"Na ji yunwa, tun asuba nake layi. Ke dai kin cika tsarki. Mutumin da ya shekara arba'in yana ce miki miya ba gishiri, shi ne yau ba za ki iya kiransa ba?"

Da ta tafi na gwada. Na rufe ƙofa na fuskanci takalman nan, suna nan a gindin gado inda ya bar su. Na kama harafin farko, sai na ga kamar sun zuba mini ido. Na fita na gwada a kan akuya, ta daina tuƙa ta dube ni, na ji kunyarta. Na ɗauko taɓarya na ce bari in faɗa cikin daka, ƙarar turmi ta rufe. Na daka gero mudu biyu da ba na buƙata, sunan yana nan a maƙoshi kamar ƙayar kifi.

Ranar Laraba da hantsi hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai yawa. Wuri na huɗu ya ɓalle, daidai kan gado. Muna janye katifa ni da 'yata, sai ta ɗauke adakar takardu don kada ta jiƙe. Wata tsohuwar takarda ta faɗo, ta yi ja don tsufa. Ta ɗauka tana dubawa.

"Inna, ga sunanki."

"A ina?"

"A nan, inda ake sa wanda za a nema in soja ya mutu. Sunanki, da na Kaka, da unguwa. Tun shekarar da aka haifi Yaya."

"Shi ya rubuta?"

"A'a. Baba ai sai ajami. Wannan rubutun akawu ne, ga dangwalen Baba a ƙasa."

Na zauna a bakin gadon da ke jiƙe. Na ce ta sake karantawa, ta sake. Wato mutumin nan, mai "ke", mai "ke mana", ya taɓa tsayawa gaban wani ƙato a ofis, aka ce wace ce matarka, ya buɗe baki ya faɗi sunana ƙarara, har da na ubana. Wataƙila ma sau biyu, in akawun kurma ne. Ya dawo gida ya ci tuwona bai ce uffan ba. Shekara arba'in da wani abu yana riƙe da wannan rashin kunyar a ciki, don kawai in ya faɗi kada in rasa abin da zan ci.

Na ce, "Ashe shi ya fara."

Alhamis tun da sassafe muna can. Da aka kira ni na shiga, yarinyar nan mai kaki ta gane ni, ta yi murmushi.

"Mama, an dawo? Ya mai ƙin kuɓewa?"

"Yi tambayarki."

"Sunan mijinki?"

Na miƙe tsaye, ban san dalili ba, wataƙila zaman bariki ne ya motsa. Na faɗa. Nasa da na mahaifinsa. Na yi niyyar in faɗa a hankali, amma abin da ya shekara arba'in da tara a tsare ba ya fita da sanɗa. 'Yata ta ce har waje an ji, wata tsohuwa a layi ta ce amin.

Sai na tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan saurara, ko zan ji an ce "Na'am", ko an ce "Ke, lafiyarki?" Ba abin da na ji sai fanka. Yarinyar ta ba ni lokaci, sannan ta buga hatimi ta ce, "Allah ya jiƙansa, Mama." Na ce amin. Idona ya kawo ruwa, na ce mata hayaƙin janareto ne.

Kuɗin ba su zo da wuri ba, na gwamnati ne, tafiyar hawainiya suke yi. Ƙarshen damina ya zo, babban ɗana ya turo mota, na mayar da ita da saƙon cewa an buga mini hatimi, ya je ya tambayi ƙanwarsa. Ya ƙara mini wata uku yana gunaguni. Kafin wani ruwan ya sauko, kuɗin sun fito, an sauke ruɓaɓɓiyar azara an buga kwano. Shi da kansa ya tsaya a kan kafintan, yana cewa ana cutar uwarsa a kuɗin ƙusa.

Ina nan a ɗakina. Sai dai bakin da ya buɗe bai koma ya rufu ba. Yanzu duk Juma'a nakan fito da takalman in goge, in kuma kira mai su da sunansa in faɗa masa abin da ban faɗa ba a da: maganar jakar da na yi ta shiryawa, da maganar gishiri, da tabon nan da na san na ƙahon sa ne, ba harsashi ba. Bai taɓa musantawa ba.

'Yata ta ɗaga biro tana tambaya ko ta rubuta sunan a nan. A'a. Gwamnati ta ji, ita ta biya.