Gidan Kara na Gwadabe

Gwadabe taubashina ne, ɗan goggona, don haka in kun ji ina tsokanarsa a labarin nan, haƙƙina nake ci. Shekara ɗaya aka haife mu a Turawa. Da mahaifinsa ya rasu aka raba gona tsakanin magada goma sha ɗaya, abin da ya samu bai fi wurin shanya barkono ba. A gidan gado kuwa ɗaki ɗaya ya tashi da shi, shi da matarsa Murja da 'ya'ya huɗu. In ya yi tari, daga ɗakuna uku ake ce masa sannu.

Abin da ya rufa masa asiri gonar aro ce. Baffa Sulle, wani dattijo mai shanu da ke zaune wajen Kafin Dafga, shi ya ara masa ita. Tana kan tudu, daga can kana hango ruwan dam yana ƙyalli. Duk dawa da gyaɗar da iyalin Gwadabe ke ci daga nan suke fitowa. Kowace kaka yakan kai wa Baffa dami biyu na godiya, Baffa kuma ya turo shanu su ci kara su bar masa taki.

To, a wannan gona Gwadabe ya gina gidansa, kuma duk shekara sai ya sake gina shi. Da shanu sun tashi, zai kwaso karan dawa ya jera a ƙasa. Ga zaure yana kallon gabas, ga ɗakin Murja da taga ta wajen dam don iska, ga ɗakin girki, ga rumbu biyu, ga rijiya. Ba bulo ko ɗaya, amma wallahi ya fi mai gidan bene tsare doka. Kuskure ka tsallaka karan nan, sai ka ji ya daka maka tsawa.

"Kai ɓarawo ne da za ka hauro katanga? Zaga ta ƙofa!"

Haka zan zaga, in tsaya ina kallonsa yana kallona, in ce salamu alaikum. Shi kuma sai ya yi jim, wai yana cikin gida bai ji ba, kafin ya amsa. Na sha gaya masa duk Karaye har Rogo ba gidan da ya kai nasa lafiya, tunda bai taɓa yoyo ba. Yakan yi dariya ya ce sannu ba ta hana zuwa. Shekara goma sha biyu muna wannan.

Wata damina sai ya yi abin da ko yaro ya san ba a yi. Ya dasa mangwaro a tsakar gidan nasa, don a cewarsa gida ba inuwa kango ne. A wurinmu, ka noma abin da ka ga dama a gonar aro, amma ban da itace. Itace yakan daɗe fiye da mai aro da wanda ya ara masa, wata rana jikoki su nuna shi su ce ai gonar kakansu ce. Wanda ya dasa itace, kamar ya ce wa mai gona ya ci ta ne. Na ja masa kunne, na ce zanen aro ba ya rufe katara. Ya ce ai ɗan ƙarami ne, dawa za ta ɓoye shi.

Dawa ta ɓoye shi shekara biyu. A ta uku, da aka yi girbi, sai ga mangwaro ya kai kafaɗar mutum, yana kore shar shi kaɗai a fili. Ba a yi mako ba saƙo ya zo: Baffa Sulle zai zo gona da kansa ranar Laraba, yana son ganin Gwadabe.

Ban taɓa ganin taubashina ya tsorata haka ba, ni ma kuma tsokana ta ƙare mini. In Baffa ya karɓe gonar, ba gidan kara kaɗai ya tafi ba, tuwon mutum shida ne. Ranar Laraba da hantsi na raka shi, yana riƙe da gatari. Ya ce zai sare itacen a gaban Baffa, ya ba shi haƙuri.

Baffa ya iso da sandarsa, fuska ba walwala. Aka gaisa, aka tambayi iyali da dabbobi, sannan ya miƙe ya nufi mangwaron, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka kara. Sai kawai na ji bakin Gwadabe ya suɓuce.

"Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, katanga ce ka haura. Ƙofa tana can."

Na ce a raina shi ke nan, tamu ta ƙare. Baffa ya dubi ƙasa, ya dubi Gwadabe. Can sai ya koma da baya, ya zaga ta gabas, ya tsaya ya yi sallama.

"To maigida, zaga da ni in ga abin da aka gina mini a gona."

Gwadabe ya shiga gaba, yana nuna ɗaki bayan ɗaki. Kafin su kai rijiya ya manta da tsoro, har yana bayanin inda za a kafa famfo. Suka zo wani ɗan ɗaki kusa da mangwaron, Baffa ya nuna shi da sanda.

"Wannan fa na wane ne?"

"Naka ne, Baffa. In ka biyo shanu da kaka, a rana kake wuni. Na ce ka samu inda za ka shimfiɗa buzu, ga inuwa kusa."

Baffa ya yi dariya har sai da ya dafa sanda. "Ikon Allah! An ci mini gona, an kuma ba ni masauki a ciki. Ajiye gatarin nan, ɗana, kada ka sare mini inuwa."

Washegari ya dawo da manyan 'ya'yansa biyu da mai unguwa. A gabansu ya ce duk abin da karan nan ya kewaye ya ba Gwadabe kyauta, sauran gonar kuwa tana nan a aro kamar da. Da labari ya kai wa Murja ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce da ya san haka ai da ya faɗaɗa mata ɗakin girki.

Ginin ya ci rani uku. Mu muka kwaɓa ƙasa, kuma ko taku ɗaya Gwadabe bai yarda an kauce daga inda kara yake ba. Ranar tarewa na zo da wuri, na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Shiru. Na ce halin nasa ne na jan aji, na sake yi da ƙarfi. Sai a ta uku ya fito yana share ido da hannun riga.

"Taubashi," in ji shi, "yau da gaske ban gan ka ba."