Ƙusa Biyu a Falon Gwaggo Sadiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga watan Yuni, 2025, kwana huɗu bayan Babbar Salla, Allah Ya yi wa Hajiya Halima Sadiya rasuwa a gidanta da ke Rurum Tsohon Gari, bayan jinyar wata uku. Da hantsi ta cika, aka yi mata sutura bayan azahar. Ƙanwar mahaifinmu ce, kuma ita ta riƙe mu, ni da yayata Barira, tun da mahaifiyarmu ta rasu ina 'yar shekara biyar.

Gwaggo, yau kwana tara ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji. Akwai gajiyar zaman makoki, akwai kuma wadda na shekara huɗu ina ɗauke da ita, wadda kin fi kowa saninta.

Duk wanda ya taɓa shiga falonki, bangon yamma zai fara tunawa. Hotuna sun haura sittin, amma babu wanda ya karkace. Yamma kika zaɓa don kada mai salla ya fuskance su, da aka ci gaba da yi miki magana kuma kika ɗinka labule, kina jan sa in za a tayar da kabbara. Layin sama na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, cikin baƙin firem. Na tsakiya na ma'aurata, mai ruwan gwal. Na ƙasa na yara, daidai tsayinsu, don su riƙa ganin kansu. Kafin a buga ƙusa sai kin ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, tsakanin hoto da hoto kuma yatsu huɗu, ba ƙari ba ragi. Duk ranar Alhamis a sauke su, ki zauna a tabarma kina goge gilashin da tsohuwar jarida, kina kiran sunan kowa. In muka miƙa miki waya mu ce ga hoton jariri, sai ki kau da kai ki ce, "Wannan ai na aljihunki ne. Je ki a wanko min na bango."

Matan unguwa ke suke kira in sun yi sabon fenti ko za a yi wa amarya jere. Ki tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ki ƙare wa bangon kallo, sannan ki ce, "Haba Lami, wannan ai shanya kika yi." A yi dariya, a cire komai, a fara daga farko. Ko goro ba kya karɓa.

Ba zan manta da Inna Jumai ba, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Zinyau. Da mijinta ya rasu, babu hotonsa ko ɗaya sai ɗan ƙaramin da ke jikin katin zaɓe. Kika karɓi katin, kika hau mota da kanki zuwa cikin Rano, aka ƙara masa girma aka sa a firem. Ta ce ɗakinta ba ya riƙe ƙusa, jikoki kuma za su fasa. Sai kika rataye shi a layin sama, kusa da mahaifinmu. Wasu suka yi ƙorafi wai ba dangi ba ne. Kika ce, "Shekara talatin muna shan nonon shanunsa. Wane dangin ne ya yi mana haka?" Tun daga ranar, in ta zo sai ta sauke ƙwarya, ta shiga ta tsaya jim, sannan ta fito a yi ciniki.

Sai kuma ƙusoshin nan biyu da ke saman ƙofar uwar ɗaki, daidai inda idon mai shigowa ke fara sauka. Yawanci babu komai a jikinsu. Mu a dangi kotu muke kiran wurin. In mutum biyu suka yi faɗa suka daina magana, ba kya kiran taro, ba kya yi wa kowa wa'azi. Sai kawai ki ciro hotunansu daga layi, ki rataye su a nan kafaɗa da kafaɗa, kuma ba za su sauka ba sai sun zo gabanki tare. Kowa ya shigo ya gani, kafin la'asar labari ya kai Yalwa. Kawu Munzali da Kawu Tajuddeen, da duk taurin kansu a kan iyakar gona, kwana goma sha ɗaya suka iya. Yara na bin su suna cewa an rataye su, dole suka zo suna harare-harare, kika ba su fura a kwano ɗaya.

Ni da Yaya Barira shekara huɗu muka yi a wurin. Laifina ne, kuma yau zan faɗe shi a fili, tunda a gabanki na kasa.

A daminar 2021 mijinta, Malam Isiyaku, ya rasu a Kibiya. Ina Kano lokacin, ina kwas na malaman firamare, jarrabawa ta kama. Na tura mata saƙo a waya: Allah Ya jiƙansa, ina nan tafe. Aka yi uku ban je ba. Aka yi bakwai, na dawo gida, na ce bari in huta gobe in je. Goben ta zo, sai kunya ta kama ni, me zan ce ya hana ni? Kullum kunyar na ƙaruwa, ƙafar na ƙara nauyi, har aka yi arba'in. Wata huɗu da kwana goma yayata ta yi tana takaba, bare na nesa suka je suka gaishe ta, ni da muka kwana a tabarma ɗaya ban taka ba. Daga Yalwa, inda nake zaune, zuwa Kibiya kuwa tafiyar ba ta kai awa guda ba. Da muka haɗu a wani biki na durƙusa na gaishe ta, ta ɗauke kai. Maimakon in bi ta, sai ni ma na yi zuciya. Kaicona.

Kika rataye mu. Da farko dangi na tsokana, daga baya aka daina, ido ya saba. Na koma zuwa ranar Asabar saboda na san ita Laraba take zuwa. In na shigo sai in zauna in ba wa ƙofar uwar ɗaki baya, ke kuma ki yi kamar ba ki lura ba, ki tambaye ni yara da makaranta. Duk Alhamis kina sauke mu, ki goge, ki mayar. Ina ta lissafa yawan Alhamis ɗin nan yanzu.

Sau ɗaya tak kika yi min maganar, ana saura mako biyu Salla. Kina kwance, muryarki ta dushe, kika ce, "Rahma, hannuna ba ya kaiwa can yanzu. Ku zo ku sauke kanku." Na ce, "In sha Allah, Gwaggo, bayan Salla." Kika dube ni kika maimaita, "Bayan Salla." Daga nan kika juya fuska bango, ni kuma na tashi na hau wanke kwanuka.

Ranar sadakar bakwai, ɗanki Salahuddeen ya ce rufin falon na yoyo, za a yi gyara, kuma shi ba mai ajiye hotuna ba ne, kowa ya ɗauki nasa. Ban ga laifinsa ba. Aka yi ta saukewa ana kuka, ana dariyar tsofaffin ɗinkuna. Inna Jumai ta naɗe nata a zane ta ɗora a ka. Sai aka zo kan namu. Yaya Barira ta ja kujera 'yar tsuguno, ta taka da kanta, ta cire nata, ta sa cikin hijabi. Tana dab da ni, har ina jin numfashinta. Ta sa takalmi ta fita, sai Salahuddeen ne ya miƙo min nawa.

Ya Allah, Ka jiƙan Gwaggo Sadiya, Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta Ka yalwata shi. Yadda ta riƙe marayu, ta kuma tsaya wa zumunci har ƙarfinta ya ƙare, Ka sa ta tarar da shi a mizani. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, Ka kyautata tamu in ta zo. Ni kuma, Gwaggo, ki yafe min.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yan Gwaggo, Salahuddeen da Mahdi da Mu'minat, da iyalansu, da kawunnanmu, da Inna Jumai, da dukkan mutanen Rurum Tsohon Gari. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Saura ke, Yaya Barira. Na san za a karanta miki wannan. Gaisuwa biyu gare ki a wurina, ta Malam Isiyaku da ta Gwaggo, kuma ba zan sake yin ta a rubuce ba. Jibi Asabar zan zo Kibiya da safe. In kin ce in shigo, zan shigo in durƙusa in ce miki ya haƙurin Malam Isiyaku. In ba ki ce ba, zan zauna a zaure har la'asar, in koma, Asabar ta sama in sake dawowa.