Dattijo Mai Littafin Girkanci

Mutumin nan ya taɓa karanta mini takardar magani a layin asibiti, nan Azare, ranar da rubutun likita ya fi ƙarfina. Malam Reuben na ji ana kiransa. Har yau nakan hango shi a kan benci: dogo, siriri, takalminsa ya sha ɗinki amma a goge yake. Jikarsa na jingine da shi, kitsonta a karkace, da gani aikin hannun namiji ne. Ina jin uwar ta rasu, amma ban tambaya ba.

Kullum da ɗan littafinsa na tsohon Girkanci, yana bin layi da yatsa. Ran nan ya nuna mini wata kalma. "Hajiya, paidiya. Haka mutanen dauri suke kiran duk ɗawainiyar da ake yi kafin yaro ya zama mutum."

Na ce, "Malam, ai tarbiyya ke nan. Ni da na tsaya a aji huɗu, yara bakwai na raina da ita."

Ya rufe littafin, ya daɗe yana duban kan yarinyar. "Shekara talatin ina koyar da kalmar nan. Don Allah, Hajiya, ki koya mini kitso."