Bidiyon da Ban Tura wa Ƙanena Ba

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Taman Melati, ni da abokan karatuna biyu, muka kama jirgin ƙasa na LRT. Ni dai aike ne ya fito da ni. Ƙanena da ke Kano ɗan wasan mota ne, irin waɗanda ke juya mota a titi ranar biki har taya ta yi hayaƙi. Da motar Baba yake yi, kuma shekara biyu ke nan ina rufa masa asiri. Da ya ji ana tseren motoci a bayan Kuala Lumpur, sai ya matsa min lamba in ɗauko masa bidiyo ya ƙaro salo.

A Brickfields muka karya da burodin roti da shayin mamak, wato Indiyawa Musulmi masu shagon abinci, muka yi tapau, wato guzurin shinkafa a ƙunshe, don an ce abincin filin tsere tsadarsa sai ka ce da zinari aka dafa. Daga nan mota muka shiga, titi sumul, gonakin kwakwar manja hagu da dama.

Da muka isa filin, abin da ya fara ɗaure min kai shi ne motocin. Irin waɗanda muke gani a titi ne! Amma da na leƙa cikin ɗaya, babu kujerar baya, sai ƙarafa da aka gitta kamar keji. Direban kuwa an ɗaure shi tamau da bel ta kafaɗu da ƙugu, hular kwanonsa ma an ƙulle ta da wani abu a wuya.

Wani dattijon makanike ɗan Malay ya ga ina dariya, ya ba ni tarihi. Wai a Amurka masu fasa-ƙwaurin giya ne suka fara irin wannan tseren, suna gyara inji don su tsere wa 'yan sanda, daga baya suka koma gasa da juna. Abin wuyan kuma, wani gwarzonsu ne ya bugi katanga a zagayen ƙarshe ya mutu, daga nan aka wajabta shi.

"Bugun bai ma yi kama da mai tsanani ba lah," in ji shi. "Jikinsa ya tsaya, kansa ya ci gaba."

Dariyar ta ɗauke.

Ana cikin tsere, a kwanar da ke gabanmu wata farar mota ta ƙwace, ta daki shinge, ta wuntsila sau biyu. Ƙarar sai da na ji ta a haƙorana. Ɗaya daga abokaina ya dafe kai: "Innalillahi! Wallahi this guy ya gama!" Kafin mu rufe baki masu kashe gobara da likitoci sun kewaye ta. Sai ga mutum ya fito da ƙafarsa, yana ɗaga mana hannu.

Jama'a na ta tafi. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Ƙanena da jallabiya da silifa yake nasa, bel ko na ado ba ya ratayawa, yara kuma cike da bakin titi. Ni kuma na zo ɗauko masa darasi.

Shinkafar nan har muka dawo Taman Melati da la'asar ban taɓa ta ba. Tafiyar ta nuna min cewa gwanayen ma ba da gwanintarsu suke fita da rai ba, kuma wani rufin asirin cuta ne. Na goge bidiyon, na kira Baba na faɗa masa komai. Ya karɓe makulli.

Sati uku ke nan ƙanena ba ya ɗaga wayata. Ya yi ta fushinsa. Kullum Umma takan ce min ya tashi lafiya.