Ƙasar da Na Hana Yaya Abu

Har yau ban manta da ranar da na kifar da kwanon matar yayana a gaban jama'a ba. Lokacin ina leburar tsafta a ƙaramar hukuma, shekarun da ake ta maganar shari'a, komai ya yi tsada.

Tankar man gas ce ta faɗi a hanyar Kabo zuwa Gwarzo, gab da ƙauyenmu. Man ya bi ƙasa har rijiyar masallaci, wadda duk unguwa ke sha. Ruwan ya ɗauki wari, liman ya ce ba alwala da shi. Aka turo injiniya, Malam Sabo, ya tsara aiki: a haƙe ƙasar da ta sha mai, a jibge ta kan leda can bayan gari, a cakuɗa da kashin shanu, a riƙa juyawa har warin ya mutu. Rijiya kuma a yi ta yasa.

Sai tsibin ƙasar ya fara raguwa. Ashe mata sun gano gara ba ta kusantarta, suna ɗiba su daɓe ɗaki da gindin rumbu. Maigadi namiji ne, ba shi da ikon tare matar aure. Malam Sabo ya ce mini, "Inna, in ƙasar nan ta koma gidaje, ruwan sama na farko zai mayar da man cikin rijiya. Za ki iya tsare ta?" Na ce a ba ni tabarma kawai.

Yara mata, ido ɗaya nake musu su juya. Rannan da hantsi sai ga Yaya Abu, matar yayan nawa, wadda ta raine ni bayan rasuwar innarmu, kuma katangarta ce ke jingine da rijiyar. Muka gaisa, ta durƙusa ta cika kwano.

Na ce, "Yaya, ajiye."

Ta ce, "Ke Ladi, ni? Ƙasar Allah ce ko ta gwamnati? Gara ta cinye mini rabin dawa bara, kina ina?"

Na ce, "Jikokinki da me za su sha?"

Ta yi dariya ta dubi leburori. "Kun ga injiniya ba boko!" Ta ɗora kwano a ka. Na miƙe na sauke shi, na kifar.

Ta ce, "To, wannan sawu na uku ne. Sai ki je ki tono sauran."

Na ɗauki fartanya na bi ta. Ina sallama na wuce gindin rumbu na hau haƙa. Yayana ya fito yana cewa in ji tsoron Allah. Na ce tsoronsa ne ya kawo ni. Ban bar ko dunƙule ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani haƙa da yasa ba su ne wahala ba. Wahalar ita ce hana naka, yana da gaskiyarsa, kana da taka. Bayan damina rijiya ta washe, liman ya ɗanɗana ya yi alwala. Yaya Abu kuwa har ta rasu ba ta sake amsa gaisuwata ba. Amma da ruwan rijiyar nan aka yi mata wanka, ni na jawo shi, kuma babu wari.