Yadda Na Gutsure Maganar Likita a Kan Jaririn Maƙwabtana

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ina da ɗan shagon sayar da magani a unguwar Maamobi da ke Accra, kuma kaina ya kumbura ƙwarai. Matan unguwa suna kirana Anti Dokta ina amsawa, alhali iyakar ilimina karanta rubutun jikin kwali. Sai Turanci da yaren Twi da nake ji, shi ke nan fa.

A gidanmu na haya akwai wata matashiya 'yar Nijar da mijinta mai sana'ar gwangwan, wato sayen tsofaffin ƙarafa, a unguwar Old Fadama. Ba su daɗe da zuwa Accra ba, Hausa kaɗai suke ji. Ta haifi namiji wata tara cif, amma haihuwar ta zo da gardama, har yaron ya shaƙi ruwan da ya yi kashi a ciki. Kashegari numfashinsa ya rikice: yana nishi, ƙirjinsa na lotsawa, leɓɓansa sun fara sauya launi. Aka wuce da shi babban asibiti, na rufe shago na bi su don in yi musu tafinta.

Likitar da muka samu yarinya ce ƙarama, maganarta a hankali kamar ba ta san rai ake nema ba. Na ce ta faɗi sunan ciwon, ta ce tukuna. Wai hoton ƙirji ya nuna huhun biyu duk sun yi fari, kuma abin ya taso farat ɗaya bayan ruwan da ya shaƙa, don haka tana zargin mummunan kumburin huhu. Amma kafin ta tabbatar sai an yi hoton zuciya, don ciwon zuciya ma yakan cika huhu da ruwa. Sai an tabbata ba wata tawaya ya zo da ita daga ciki ba. Sai kuma an ɗibi jininsa a auna iskar da ke shiga, a san tsananin abin. Haba! Yaro na fama, ke kina jero mini sharuɗɗa? Haushi ya turnuƙe ni. Da mijin ya ce Anti me ta ce, duk wannan bayani na dunƙule shi na ce masa ba su san ciwon ba, gwaji suke yi da ɗansa.

Bawan Allah ya miƙe ya ce ba wanda zai ƙara taɓa yaron da allura, kuma a cire masa robar hanci su tafi gida. Likitar ta roƙe ni in lallashe shi, ni kuma girman kai ya hana ni cewa bakina ne ya ɓata. Tun hantsi har bayan la'asar ba a ɗibi jini ba, ba a yi hoto ba, yaron kuwa yana ƙara galabaita.

Wata nas 'yar Nima ce ta zo karɓar aiki ta tarar da rigimar. Ta zaunar da su ta maimaita musu maganar likita tiryan-tiryan da Hausa. Mijin bai ko yi musu ba, ya ce a yi duk abin da ya kamata. Sannan ta juyo ta tambaye ni a gabansu, wane ne ya ce musu likita ba ta sani ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da aka yi gwaje-gwajen sai ga zuciyar yaron lafiyarta lau, ciwon da ake zargi ne, kuma ya yi tsanani har sai da aka ɗora shi a kan injin numfashi. Ya yi kusan wata a asibiti, aka raɗa masa suna ba ya gida. Allah ya tashi kafaɗunsa. Na je na nemi gafara, uwar ta ce ba komai, amma ba ta ƙara leƙa shagona ba har suka tashi zuwa Kotobabi. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji, don ban san abin da jinkirin nan ya ƙara masa ba.

'Yan uwa, in likita ya ce sai ya bincika kafin ya faɗi sunan ciwo, aikinsa yake yi. In kuma aka ba ku amanar tafinta, ku isar da magana yadda aka faɗe ta, ko da ba ta yi muku daɗi ba. Iyayen nan kunnuwana suka ara don su ji halin da ɗansu ke ciki, ni kuwa na ba su fushina.