Kogin Baba Tsoho

Warin laka ne ya fara kama ni. Ba na kwata ba, wannan dai na ƙasar da ruwa ya kwana a kanta watanni sannan ya ja baya, mai haɗe da ƙarnin kifi da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ina zaune ne a cikin kwalekwale a ƙasar Vietnam, inda kogin Mekong yake rarrabuwa kafin ya shiga teku. Kamfanin da nake wa aiki a Dubai ne ya tura mu duba shinkafar da za a loda mana a kwantena, mai masaukinmu kuma ya ce ba za mu koma ba sai mun ga ruwansu.

Ruwa ne ta ko'ina, launinsa kamar koko. Gidaje a kan dirkoki, itatuwan kwakwa sun rufe sama, mata cikin malafa mai tsini suna tuƙi a tsaye. Kasuwa ma a kan ruwa take ci. Mai abarba yakan ɗaure guda a saman doguwar gora don ka san hajarsa tun daga nesa. Abokin aikina Balarabe sai ɗaukar hoto yake yi. Ni kuwa idona yana kan wata tsohuwa da ke wanke damin bado a gefen jirginta.

Ka san bado? Da shi muka tashi. Ƙauyenmu a bakin fadama yake, kakana na wajen uba kuma masunci ne, Baba Tsoho muke kiransa. Idan damina ta yi nisa, kogi yakan cika ya malala har gindin dangarmu. Fadama ta yi fari da furen bado, mu yara mu shiga har ƙirji muna tsinko 'ya'yansa, matarsa da muke kira Kaka ta shanya su a kan tabarma ta daka. Da kaka ta kama, hayaƙin bandar tarwaɗa ba ya barin tsakar gida, har rigunanmu na makaranta ƙamshin kifi suke yi. Shinkafa kuwa ba a ba ta taki. Baba Tsoho yakan dumbuzo laka ya murza a hannu ya ce ga takin nan kogi ya kawo.

Sai aka gina madatsar ruwa can sama da mu. Ba wanda ya tambaye mu. Ruwa ya daina zuwa a lokacinsa, wata shekara ya ƙi zuwa, wata ya zo da rani ya cinye albasar mutane. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin jirgi, tsuntsayen jan-baki suka yi gida a cikinta suna cinye ɗan abin da aka shuka. Baba Tsoho ya sa babbar rigarsa, shi da dattawan gari suka tafi birni kai kuka. Sun yi ta zuwa. Zuwansa na ƙarshe na tuna, ya dawo ya zauna ko takalmi bai cire ba.

"Me suka ce?" in ji Kaka.

"Wai ruwan bai ɓata ba, ajiye shi aka yi."

"Kifin ma ajiye mana shi aka yi?"

Baba Tsoho ya sunkuya ya cire takalminsa. Daga nan bai sake ɗinke komarsa ta kamun kifi ba. 'Ya'yansa suka watse neman abinci, mahaifina ya kwashe mu zuwa Kano. Shi ya ƙi tashi, a can ya rasu.

Shi ya sa na roƙi mai yi mana tafinta ya tambayi tsohuwar nan yadda ruwansu yake. Ta daɗe tana magana, tana nuna gonaki da hannu. Ya taƙaita min: wai kogi ba ya kawo laka kamar da saboda madatsun da aka gina a sama, da rani kuma ruwan gishiri yana shigowa daga teku ya ƙona shinkafa, 'ya'yanta duk sun tafi birni aikin masana'anta. Sai ya yi murmushi irin na masu karɓar baƙi ya ce amma har yanzu wurin yana da kyau.

Na so in ce mata na san ƙarshen wannan labarin. Ba mu da harshe ɗaya, tafintan kuma ya riga ya juya. Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Yalla habibi, mu tafi, saura gidan alewar kwakwa." Aka tayar da inji. Da muka isa, alewar ma ban ɗanɗana ba.

Da na dawo gidanmu a unguwar Hor Al Anz ta Dubai na zaunar da yarana in ba su labari. A Dubai aka haife su, ruwa a wajensu abu ne da ke fitowa daga famfo ko a kawo a gora. Suka kalli hotunan Vietnam da sha'awa, amma da na ce mu ma muna da irin wannan a gida, sai babbar 'yata ta dube ni kamar mai tatsuniya. Abin ya ci min rai, har na yi rantsuwa sai na kai su.

Hutun da ya wuce muka je ƙauyen. Ƙanin mahaifina ne kaɗai ya rage a gidan, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ja mu bayan gari muka ratsa gonakin gero, muka kai wani fili mai yashi inda injin ban-ruwa yake ta ƙara. Rana tana dukanmu, yaran sun gaji. Babbar ta share gumi ta dubi tsohon ta ce, "Kaka, kogin da saura nisa?"

Ya soka sandarsa a yashi ya ce, "Jikata, ai a tsakiyarsa kike tsaye."